Idan allurar barci ko maganin zafi ya taɓa ba ka matsala: yadda za ka shirya wa tiyata ta gaba

Tambaya uku likitan sa barci yake so a amsa masa idan mara lafiya ya ce ya taɓa samun matsala a ɗakin tiyata: me ya faru, da wane magani, kuma bayan minti nawa da yin allurar. Mutane da yawa iyakar abin da suke iya faɗa shi ne "allurar ba ta karɓe ni ba", ko "an ce na kusa tafiya". Wannan bayani bai ishi likita ya kare ka ba. A aiki guda ana iya ba mutum magani takwas ko goma cikin 'yan mintuna, ga ruwan da aka wanke masa fata da shi, ga safar hannu, ga robar fitsari. Muddin ba a gano mai laifin ba, ko dai a sake ba ka shi cikin rashin sani, ko a hana ka magunguna masu kyau da ba su yi maka komai ba. Dukansu biyun cutarwa ne, kuma ana iya kauce musu idan aka fara shiri da wuri.

Fara da rarrabe abin da ya same ka

Ka zauna da wanda ya yi jinyarka a wancan karon, domin kai kana barci ko kana cikin magagi, shi ne ya ga abin da ya faru kuma shi aka yi wa bayani. Ku rubuta komai, ko da Ajami ne.

Mafi haɗari shi ne abin da likitoci ke kira anafilaksis, wato jiki ya yi wa magani bore gaba ɗaya. Jini ya faɗi ƙasa warwas, ƙirji ya toshe numfashi ya riƙa fito, leɓe da harshe da fatar ido su kumbura, wani lokaci fata ta yi ruɗu-ruɗu irin na borin jini. Idan ta jijiya aka ba da maganin, galibi abin yana tashi cikin minti 5 zuwa 10. Alamun da ke nuna irin wannan ne ya same ka: an dakatar da aikin ba a gama ba, an yi maka allurar adiranalin, an danna maka ƙirji, ko ka farka a ɗakin kulawa ta musamman alhali ƙaramin aiki aka shiga yi. Wani babban bincike da ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya ta fitar a 2018 ya nuna abin yana faruwa kusan sau 1 cikin aiki 10,000. Abin lura a binciken shi ne, maganin barcin kansa ba kasafai yake zama sanadi ba. Kusan rabin matsalolin daga maganin kashe ƙwayoyin cuta suka fito, wanda ake yi kafin a fara yanka. Kusan kashi ɗaya cikin uku kuma daga allurar sakin tsoka ce, irin su suxamethonium da rocuronium da atracurium, waɗanda ake yi domin a samu a zura bututun numfashi. Sai chlorhexidine, sinadarin wanke fata da ke cikin Savlon, sai shuɗin rini da ake amfani da shi a wasu ayyukan nono.

Akwai kuma abubuwan da ke da wahala ƙwarai amma ba boren jiki ba ne, halin maganin ne kawai. Amai da tashin zuciya bayan farkawa, rawar ɗari, kaushin maƙogwaro na kwana biyu, ƙaiƙayin hanci da fuska bayan morphine, jiri bayan pentazocine ko tiramadol, duk suna cikin wannan rukuni. Wanda aka yi wa ketamine ya farka yana surutai yana ganin abubuwan ban tsoro, shi ma haka ne, kuma ana rage wannan da midazolam ko diazepam da barin mutum ya farka a wuri mai shiru. Ƙaiƙayin kulorokwin da ya addabi mutanenmu shekara da shekaru shi ma ba boren jiki ba ne. Wanda likitan haƙori ya yi wa allura a dasashi ya ji zuciyarsa na dukan uku-uku hannunsa na rawa, yawanci adiranalin ɗin da ke gauraye da lidocaine ne ya shiga jini, kuma yana wucewa cikin 'yan mintuna. Wanda ya ga allura ya yi gumi ya sume, tsoro ne ya saukar masa da bugun zuciya. Boren jiki na gaskiya ga allurar kashe wuri abu ne da ba a cika gani ba. Dalilin da ya sa muka tsaya a kan wannan shi ne, mutumin da aka rubuta wa "ba ya jure lidocaine" bisa kuskure zai iya rasa allurar baya ko ta kashe wuri, a tilasta masa cikakken barci wanda ya fi masa haɗari.

Haka batun penisilin. Cikin mutum goma da ke cewa penisilin ba ya karɓarsu, idan aka gwada, kusan tara ba su da komai. Da yawa ƙuraje ne suka fito musu suna yara lokacin da suke fama da wani zazzaɓi, aka ɗora wa maganin. Amma idan Ampiclox ko Augmentin ko amoxicillin, waɗanda duk dangin penisilin ne, ya taɓa kumbura maka baki ko ya shaƙe ka cikin awa ɗaya da sha, wannan magana ce babba, ka faɗe ta da babbar murya. Wanda kuma Septrin ko Fansidar ya taɓa sa fatarsa ta saɓule, baki da ido suka yi gyambo, wannan ba ya sake kusantar maganin har abada, kuma ba a gwada masa shi.

Koma asibitin farko ka nemo takarda

Wannan shi ne matakin da ya fi gajiyarwa, kuma shi ya fi amfani. Ka ɗauki tsohon katinka ka je sashen ajiye fayil. Idan katin ya ɓata, cikakken suna da wata da shekarar da aka yi aikin suna iya isa, domin ɗakin tiyata yana da babban littafin da ake rubuta kowane aiki da ranarsa. Abin da kake nema takardar sa barci ce, wadda ake rubuta kowane magani da adadinsa da lokacin da aka yi shi, tare da awon jini da bugun zuciya na kowane minti biyar. Bayanin likitan da ya yi yanka ba ya maye gurbinta. Idan ba za a ba ka kwafi ba, ka roƙi a rubuta maka taƙaitaccen rahoto mai ɗauke da sunayen duk magungunan, da abin da aka gani, da abin da aka yi maka har ka dawo daidai. Ka ɗauki hotonta a waya, ka tura wa mutum biyu cikin iyalinka.

Sunan magani a rubuta shi harafi da harafi yadda yake a jikin kwalba. "Farar allura" ko "ƙaramar ƙwaya ja" ba su kai likita ko'ina.

Ka ga likitan sa barci tun kafin ranar aiki

A asibitoci da dama mai sa barci yana zagayowa ne da yammacin jajiberin aiki. Ga mai tarihin matsala wannan ya yi latti. Ranar da aka sa maka rana, ka ce wa likitan tiyata kana so a haɗa ka da sashen sa barci mako biyu zuwa huɗu kafin lokacin. Idan abin da ya same ka a baya mai tsanani ne, kuma aikin ba na gaggawa ba ne, ya fi dacewa a yi shi inda ake da likitan sa barci ƙwararre da ɗakin kulawa ta musamman, irin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ko babban asibitin ƙasa da ke Yamai. Kuɗin mota da jiran layi sun fi sauƙi a kan a rasa injin numfashi lokacin da ake bukatarsa.

Inda ake da halin gwaji, ana ɗiga magungunan da ake zargi a fatar hannu a ɗan tsaga, ko a yi ƙaramar allura a cikin fata a ga ko wurin zai tasa. Ana yin wannan ne bayan mako 4 zuwa 6 da faruwar abin, domin idan aka yi da wuri sakamakon yana iya fitowa babu komai alhali akwai. Kafin gwajin ana daina shan Piriton da makamantansa na wasu kwanaki. Akwai kuma awon jini na tryptase, wani sinadari da ke ƙaruwa a jini idan jiki ya yi bore, wanda ake ɗiba awa 1 zuwa 2 bayan abin ya faru, a sake ɗiba bayan awa 24 domin a kwatanta. Ba kowane asibiti ke da waɗannan ba. Idan babu, dabarar ita ce a guje wa duk abin da aka ba ka kafin matsalar ta tashi, in ban da wanda ka sake amfani da shi daga baya lafiya lau. Saboda haka ka tuna: bayan wancan aikin, an sake yi maka wata allura ko ɗinki ko cire haƙori ba tare da matsala ba? Wannan yana wanke magunguna da yawa daga zargi.

Abu biyu da bai kamata su kwantar maka da hankali ba. Na ɗaya, a ce za a ba ka Piriton da hydrocortisone tun da farko don kada abin ya tashi. Suna rage ƙaiƙayi, amma ba sa hana anafilaksis. Na biyu, a ce za a ɗan sa maka kaɗan ta jijiya a gani. Ga wanda jikinsa ya riga ya ƙi magani, ɗan kaɗan ɗin ma ya isa ya tayar da komai. Kariya ita ce a bar maganin, a nemi waninsa. Idan allurar sakin tsoka ake zargi, ita ma sauya wata da wata ba tabbas ba ne, domin sukan yi kama da juna a wurin garkuwar jiki. Shi ya sa idan aikin daga cibiya zuwa ƙasa ne, kamar gwaiwa ko basur ko haihuwa ko karayar ƙafa, likita zai fi karkata ga allurar baya.

Wanda leɓensa ke kumbura idan ya hura balan-balan, ko hannunsa ke ƙaiƙayi idan ya sa safar roba, ko bakinsa ke ƙaiƙayi in ya ci ayaba ko fiya, ya faɗa. Wannan alamar ƙin roba ce. Irin wannan mutum shi ake fara yi wa aiki da safe, da safar hannu da robar fitsari waɗanda ba na ƙaron roba ba. Wanda Savlon ke tayar wa fata, a wanke shi da ruwan aidin.

Abin da ake gada

Ka tambayi dattawan gida ko akwai wanda ya shiga tiyata da ƙarfinsa, aikin ba wani babba ba, amma bai fito ba, ko jikinsa ya yi mugun zafi ya sandare ana cikin aiki. Akwai wata larura ta gado da likitoci ke taƙaita sunanta da MH, wadda aka fara bayyanawa a 1960 a wani dangi a Ostireliya. Mai ita lafiyarsa ƙalau har sai ya shaƙi iskar barci irin su halothane da isoflurane da sevoflurane, ko an yi masa suxamethonium. Nan take tsokoki su ɗaure, zuciya ta yi gudu, zafin jiki ya yi ta hawa. Idan uwa ko uba na da ita, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka. Maganinta dantrolene ne, ana farawa da miligiram 2.5 ga kowane kilo na nauyin mutum, kuma ba ko'ina ake ajiye shi ba, don haka ka tambaya kai tsaye ko akwai. Labari mai daɗi shi ne ana iya kauce mata baki ɗaya: allurar baya, allurar kashe wuri, da allurar barci ta propofol da ketamine duk ba sa tayar da ita. Sai dai dole a cire tulun iskar barci daga injin, a sauya bututai, a wanke injin da iskar oksijin kafin a sa maka shi, kuma wannan yana bukatar a sani tun kafin ranar aiki.

Wata larurar gadon ita ce mutum ya kasa narkar da suxamethonium. Allurar da ya kamata ta sake shi cikin minti biyar sai ta riƙe shi awanni bai iya numfashi da kansa. Idan an taɓa ce maka "ka daɗe ba ka farka ba, sai da aka bar ka a kan inji", wannan na cikin abin da za a yi zargi, kuma 'yan'uwanka na jini su ma ya kamata su sani.

Wanda ya yi shawara, idonsa ya yi rawaya da zazzaɓi cikin kwanaki bayan an sa shi barci da halothane, ba a sake ba shi halothane. Har yanzu ana amfani da wannan iska a asibitoci da dama a yankinmu saboda araharta, don haka maganar tana da muhimmanci a nan. Mai larurar gado ta ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, wanda fitsarinsa ya taɓa yin baƙi kamar shayi bayan shan wani magani, ya faɗa. Mai sikila kuwa shirinsa na daban ne: a auna jininsa, wani lokaci a yi masa ƙarin jini kafin aiki, a sa masa ruwa tun dare kada ya bushe, a lulluɓe shi kada sanyin ɗakin tiyata ya kama shi, a ci gaba da ba shi oksijin bayan an fito.

Abin da ake jin nauyin faɗa

Likitan sa barci ba alƙali ba ne, lissafin adadin magani yake yi. Wanda ya saba da tiramadol ko kodin ko allurar pentazocine ko diazepam kullum, adadin da ke kwantar wa wani da zafi ba zai taɓa shi ba, kuma idan aka yanke masa kwatsam zai shiga wani hali bayan aiki. Ka faɗi abin da kake sha da adadinsa na gaskiya, in ka ga dama ka nemi a fitar da 'yan rakiya tukuna. Haka giya da wiwi da sigari da shisha.

Matan da ke shan dexamethasone ko prednisolone don ƙiba, da masu shafa man bilicin mai ɗauke da clobetasol wata da watanni, su ma su faɗa. Waɗannan sinadarai suna sa jiki ya rage samar da nasa, sai jini ya faɗi ana cikin aiki a rasa dalili, ga kuma jinkirin warkewar ɗinki. Idan likita ya sani, allurar hydrocortisone ce kawai zai tanada. Kada a daina shan ƙwayar kwatsam ba da shawararsa ba. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da garin magani da ba a san abin da ke ciki ba, a ajiye su mako biyu kafin aiki.

Magungunan asibiti kuwa ka zuba su duka a leda ka kai a gani. Cikin magungunan hana jini daskarewa, warfarin ana tsayar da shi kamar kwana 5 kafin aiki, clopidogrel kamar kwana 7, amma likitan da ya rubuta su ne zai ce a tsayar, musamman ga mai ƙarfe a jijiyar zuciya. Cikin magungunan hawan jini, amlodipine da atenolol ana sha har safiyar aiki da kurɓin ruwa. Lisinopril da losartan sau da yawa ana tsallake na ranar. Glibenclamide na ciwon suga ba a sha da safiyar da mutum ba zai ci abinci ba. Mai asma ya shiga da abin shaƙarsa.

Daren aiki da safiyarsa

Abinci ana barinsa awa 6 kafin aiki, mai maiƙo da nama awa 8. Kunu da koko da fura da nono da shayi mai madara duk abinci ne. Ruwa zalla ana iya sha har saura awa 2, jariri kuma ya sha nonon uwa har saura awa 4. Wasu asibitocin suna cewa daga sha biyun dare kada a sa komai a baki. Ka bi abin da suka ce, amma idan kana da sikila ko ciwon suga, ko yaro ne ƙarami, ka tambaya ko za a sa ruwa ta jijiya idan layi ya ja. Dalilin wannan doka shi ne, mai barcin allura ba ya iya tari, abin da ya taso daga ciki huhu yake wucewa.

Ka nuna haƙori mai girgiɗi da na roba da haƙorin Makka. Idan an taɓa ce maka an sha wahalar zura maka bututu, ko kana da maƙoƙo, ko kana minshari mai yankewa, ka faɗa. A goge jan farce, amarya kuma ta bar yatsa ɗaya babu baƙin lalle saboda na'urar auna iska da ake maƙalawa. A ƙofar ɗakin tiyata, tsarin tantancewa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya tanadi a tambaye ka ko akwai maganin da ba ka jurewa kafin a sa ka barci. Ko ba a tambaya ba, ka faɗa da bakinka, ka kuma tabbatar an rubuta da jan biro a bangon fayil da takardar ba da magani.

Tsarin kashe zafi bayan an fito

A tsara shi tun kafin a shiga, a rubuce. Hanyar da ta fi aiki ita ce a haɗa magunguna masu aiki ta hanyoyi daban-daban, kowanne kaɗan, maimakon a dogara da allura guda mai ƙarfi. Tushe shi ne farasitamol: giram 1 kowace awa 6 ga babba, kada ya wuce giram 4 a yini, a kan lokaci ba sai zafi ya taso ba. Wanda bai kai kilo 50 ba ana lissafa masa miligiram 15 ga kowane kilo, mai ciwon hanta kuma a rage masa. A kula da magungunan mura da na ciwon jiki da ake haɗawa a kemis, da yawansu akwai farasitamol a ciki, mutum sai ya ninka bai sani ba.

A kan wannan ake ɗora ibuprofen miligiram 400 sau uku a yini bayan cin abinci, ko diclofenac, ɗaya daga ciki ba duka biyu ba. Ba a ba mai gyambon ciki, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda ya zubar da jini da yawa bai gama farfaɗowa ba, ko mai ciki da ta tsufa. Wanda asfirin ko ibuprofen ya taɓa tayar masa da asma ko ya kumbura masa fuska ya guji dangin gaba ɗaya, har da Alabukun, domin asfirin ne a cikinsa. Wasu irin waɗannan mutane suna jure celecoxib, amma a fara shi a gaban likita.

Ka roƙi a yi maka allurar kashe wuri a bakin yankan kafin a rufe, ko a kashe jijiyar da ke kai wa wurin idan akwai mai iyawa. Bupivacaine yana riƙe zafi awanni, ya rage bukatar morphine da pentazocine sosai. Idan bayan irin wannan allura ka ji leɓenka ya yi nauyi, kunne na ƙara, baki na ɗanɗanon ƙarfe, ka faɗa nan take, alamar maganin ya yi yawa a jini ce.

Idan amai ne ya wahalar da kai a baya, akwai lissafinsa. Abu huɗu ke ƙara shi: kasancewa mace, rashin shan taba, tarihin amai bayan aiki ko a mota, da shan dangin morphine bayan aiki. Mai duka huɗun yiwuwar amansa ta kai kusan kashi 80 cikin 100. Ana tarar abin da dexamethasone miligiram 4 zuwa 8 a farkon aiki da ondansetron miligiram 4 a ƙarshensa, kuma barci da propofol ya fi iska sauƙin amai. Kodin ba a ba yaro ƙasa da shekara 12, ba a ba mai shayarwa, domin wasu jikinsu na juya shi zuwa morphine da sauri fiye da kima. Tiramadol kuma ba na mai farfaɗiya ba ne.

Wadda ta yi ciwon kai bayan allurar baya a haihuwar da ta wuce, irin wanda ke tsananta in ta zauna ya lafa in ta kwanta, wannan ba ya hana a sake yi mata. Ruwan laka ne ya ɗiga ta hujin allura, kuma siririyar allura mai lamba 25 ko 27 tana rage faruwarsa ƙwarai. Ki faɗa, ki nemi a yi da irinta.

Idan gaggawa ce, da kuma bayan sallama

Haɗarin mota da naƙudar da ta tsaya ba sa jiran a nemo fayil. Saboda haka ka rubuta ƙaramin kati da Hausa da Turanci, ko da Faransanci ga mutanen Nijar: sunan maganin, abin da ya yi maka, shekarar, da magungunan da ka sha lafiya daga baya. Ka sa shi tare da katin shaida. Mai ciki ta sa a rubuta a katin awo tun zuwan farko, mijinta da wadda za ta raka ta su haddace sunan maganin.

Bayan an koma gida, kumburin leɓe ko harshe, shaƙewa, ko jiri mai kayarwa bayan shan magani na nufin a tafi asibiti mafi kusa nan take. Maganinsa allurar adiranalin ce a cinya, rabin miligiram ga babba, kuma a kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa a hanya, kada a tsayar da shi. Ƙurajen da suka fito bayan kwana uku zuwa mako biyu tare da zazzaɓi ko gyambon baki, a daina maganin a koma wurin likita a ranar. Wanda aka ba dangin morphine ya yi barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa ya koma ƙasa da sau 10 a minti, a juya shi gefe ɗaya a garzaya da shi, a tafi da kwalin maganin a hannu.